Babi na Biyar: Wa Zai Ɗauki Hoton Rizga?

Duk wanda ya tsuguna gaban kashin rizga a kasuwa ya zaro wayarsa, kafin ya danna zai ji mai kayan ya ce, "To Malam, me za a yi da hoton wannan kuma?" Ba mai kayan kaɗai ke wannan tambaya ba. A wurinmu hoto na mutum ne: ango da amarya, yara ran sallah, fasfo na neman aiki, ɗan takara a jikin bango. Idan an sauka daga kan mutum, sai sabuwar mota ko ragon layya. Saiwar da aka tono daga ƙasa jiya, da turɓaya a jikinta, ba kyau ba ƙyalli, ina ruwanta da kyamara?

Amsar kashi biyu ce. Akwai dalilin da ya sa ya kamata wani ya ɗauki hoton, akwai kuma yadda za a ɗauka har wanda bai taɓa ganin abin ba ya gane shi idan ya tarar da shi a kasuwa.

Abincin da ba shi da hoto

Ka gwada rubuta "tumuku" ko "muruci" ko "kulla" a wayarka ka nemi hoto a intanet. Abin da zai fito kaɗan ne, kuma sau da yawa na wani abu ne daban. Ka rubuta sunan kowace irin taliyar leda, sai ka gaji da kallo. Yaron da ya tashi a Dutse ko Kano yau ya san dankalin Turawa ciki da waje, amma ka ajiye masa rizga da tumuku ka ce ya bambance, sai ya tsaya yana kallonka.

Sunayen dai an rubuta su tuntuni. Wani likita ɗan Birtaniya da ya yi aiki a Arewa, J. M. Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya haɗa kowane suna da na masana kimiyya, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Har yau masu bincike a kansa suke dogara. Amma suna a takarda ba ya nuna wa yaro kamannin abu. Wannan giɓin mai waya a aljihu ne zai iya cike shi, kuma mutumin ƙauye ya fi na birni damar yin hakan, domin a ƙofar gidansa kayan suke.

Ɗauki Dingaya a ƙaramar hukumar Gwaram. Wannan yanki na kudancin Jigawa ya jingina da jihar Bauchi, don haka abin da ake nomawa a ƙasashen tudu da duwatsu na kudu yana haɗuwa da abin da 'yan koli ke saro wa daga Kano. A kasuwa irin ta Sara ko ta Birnin Kudu, a kan buhu ɗaya da aka shimfiɗa za ka ga saiwar da aka haƙo a bayan gari kusa da kanumfarin da ya tsallako teku. Kuma ba baƙon abu ba ne a yi hoton abinci a wannan ƙasa. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai tsofaffin zane-zanen da Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950, kuma mafi yawansu shanu ne. Mutanen da suka yi su abin da ke ciyar da su suka zaɓa suka sa a jikin dutse.

Tsohuwar sana'a ce

Hoton abin da ba ya motsi shi ne kusan farkon hoto a duniya, kuma dole ce ta sa. Kyamarar farko sai an bar ta a buɗe na mintuna da yawa kafin haske ya kama, mutum kuwa ba zai iya zama haka ba tare da ya motsa ba. Shi ya sa ɗaya daga cikin hotunan farko na Louis Daguerre a Faransa, wajen 1837, tarkacen ɗakin aikinsa ne aka jera kusa da taga.

Mutum biyu ne labarinsu ya fi shafarmu. Na farko Charles Jones, mai kula da lambu a gidajen masu hali a Ingila, wanda ya rasu a 1959 ba wanda ya san shi da ɗaukar hoto. Sai a 1981 wani mai sayen tsofaffin hotuna ya ci karo da akwati a wata kasuwar gwanjo a Landan, cike da ɗaruruwan hotunan albasa da wake da kabeji da saiwoyi iri-iri. Kowanne an ajiye shi a gaban shimfiɗa marar ado, an ɗauke shi da mutunci, an rubuta sunan irinsa a baya. Jones ya san kayansa domin shi ya shuka su, kuma wannan sanin yana bayyana a hoton.

Na biyu Edward Weston na Amurka, wanda a 1930 ya saka tattasai ɗaya a cikin mazurarin ƙarfe ya ɗauki hotonsa. Mazurarin ya riƙa mayar da haske ta kowane gefe, har lanƙwasar tattasan ta fito kamar an sassaƙa ta. Wannan hoto yana cikin waɗanda suka fi shahara a tarihin sana'ar. Tattasai ɗaya, mazurari ɗaya, da haƙuri.

Akwai wani sauƙi kuma da ya dace da mu. Saiwa ba ta jin kunya, ba sai ka nemi izinin maigida ba, kuma malaman da ke da magana a kan hoton mai rai ba su da ja a kan hoton tsiro. Matar aure da ke cikin gida za ta iya yin wannan aiki daga tsakar gidanta, kuma ita ta fi kowa sanin kayan.

Cefanen mai hoto

Mai girki yana neman arha da yawa, mai hoto yana neman siffa. Saboda haka idan ka je wurin mai kayan yaji, faɗa masa gaskiya: "Baba, kimba nake so, amma mai gungu, wadda ba ta kakkarye ba." Zai yi maka kallon mamaki, amma zai zaɓo maka, wataƙila ma ya ƙara da labarin inda ake kawo ta. Ka saya, kada ka ɗauki hoton kayan mutum ka tashi hannu rabbana.

Rizga doguwa ce siririya, takan fito da rassa daga gindi ɗaya, kuma an fi nomanta a Filato da kudancin Kaduna da wasu sassan Bauchi. Tumuku 'yar'uwarta ce ta jini a wurin masana, amma gajere ne, dunƙulalle, fatarsa ta fi duhu. Da kaka suke shigowa, zuwa farkon sanyi, kuma ba sa jure ajiya, don haka wanda ya bari lokacin ya wuce sai baɗi. Ka nemi wadda aka tumɓuko da gindinta, domin idan an ɓalle yatsun ɗaya-ɗaya, rabin siffarta ya tafi. Kada ka wanke ta tas. Ka karkaɗe ƙasar da tsohon buroshi, ka bar kaɗan a cikin lungunan.

Muruci ya fi su ban sha'awa, domin mutane da yawa suna cinsa ba su san mene ne ba. Ƙwallon giginya ake binnewa, ya yi watanni a ƙasa, ya tura tsiro ƙasa yana tara masa abinci, sai a haƙo wannan tsiron a dafa. Wato kowane muruci giginya ce da ba a bari ta tashi ba. Hoton da zai faɗi wannan labari sai ya haɗa abu uku: ƙwallon, murucin da rigarsa, da wanda aka tsaga aka ga zaren cikinsa.

Aya kuwa fuska biyu gare ta. Busasshiya duk tamoji ce, wadda ta kwana a ruwa ta cika ta yi sumul. Ajiye su gefe da gefe, ka samu hoto ba tare da wata dabara ba. Mu muna ɗaukarta abin taunawar yara da kunun aya, alhali a yankin Balensiya na Sifen ita ce tushen wani abin sha da suke alfahari da shi, kuma jihar Maraɗi tana cikin manyan wuraren nomanta a Afirka ta Yamma.

Kayan yaji yawancinsu baƙi ne a ƙasar Hausa, ko da yake sun daɗe har sun zama 'yan gida. Kimba da masoro da citta mai 'ya'ya daga kurmi suke zuwa. Kanumfari furen bishiya ne da aka tsinke kafin ya buɗe aka shanya, asalinsa tsibiran Maluku na Indunisiya, daga baya Zanzibar da Pemba suka shahara da shi. Citta mai yatsu tamu ce ta Kachia da Kafanchan, kuma duk mai cefane ya tuna yadda kuɗinta ya tashi bayan cutar da ta cinye gonakinta a 2023. Idan ka duba masoro da kyau za ka ga kowace ƙwaya da 'yar jelarta, abin da ya raba shi da baƙin barkonon Indiya da ake sayarwa a kantuna. Irin wannan ƙaramar alama ita ce abin da hoto ya kamata ya kama. Wanda ya ɗauki masoro jelar ba ta fito ba, ɗigo-ɗigon baƙi kawai ya ɗauka.

Gangamau daga waje ba shi da wani abin kallo, sai an karya shi launin ya bayyana. Ka shirya komai tukuna, ka yanka a ƙarshe, domin yankakkiyar saiwa tana bushewa tana dusashewa cikin 'yan mintuna, balle da iskar hunturu.

Haske

Nan ne aikin yake. Manomi ya san cewa da tsakar rana, idan ya hangi gonarsa daga nesa, kunya da kwari duk sun zama ɗaya, amma da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta kwanta gefe, kowace kunya sai ta fito da inuwarta har a iya ƙirga su. Jikin rizga ko kimba ko busasshiyar citta gona ce ƙarama. Hasken da ya zo daga gaba, ta inda kyamara take, yana cike ramukan ya share su. Hasken da ya zo daga gefe yana barin inuwa a bayan kowane tudu, kuma inuwar nan ce ke sa mai kallo ya ji kaushin abin a yatsunsa. Dalilin ke nan da ya sa filashin waya shi ne babban abokin gabar wannan aiki: yana manne da idon kyamara, haskensa daga gaba yake tsaf. Kashe shi ka manta da shi.

Wuri mafi kyau a gidan Bahaushe shi ne bakin zaure ko bakin ɗaki, daga ciki, inda rana ba ta dukan ƙasa kai tsaye. Ƙofa ɗaya ce, hasken ta hanya ɗaya yake shigowa, sauran ɗakin kuma duhu-duhu ne. Masu ɗakin hoto a birni kuɗi suke kashewa su sayi fitilu da lema don su kwaikwayi abin da tsohon zauren ƙasa ke bayarwa kyauta. Ajiye kayan kamar taku ɗaya ko biyu daga ƙofa, ka tsaya yadda ƙofar za ta kasance a hagunka ko damanka, ko ma ɗan bayan kayan kaɗan. Kada ka ba ƙofar baya.

Nisa yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Kusa da ƙofa, gefen da ke fuskantar haske yana haske sosai, ɗaya gefen kuma ya yi duhu nan da nan. Idan ka ja kayan ciki, bambancin ya ragu amma hasken gaba ɗaya ya yi rauni, kuma yana raguwa da sauri. Ka riƙa matsar da faifan taƙi-taƙi kana kallon allon waya har ka ga inda ya yi maka.

Idan gefen inuwa ya yi duhu da yawa, ba fitila ake ƙarawa ba. Ka samu farin kwali ko farin mayafi ka tsayar a gefen inuwar, fuskarsa tana kallon ƙofa, ya mayar da ɗan haske. Matso da shi, inuwa ta yi laushi. Janye shi, ta ƙara zurfi. Ni na fi son a bar inuwa da ɗan nauyinta. Hoton da aka haske ko'ina ya fi kama da tallan kanti.

Game da lokaci, hantsi da bayan la'asar sun fi. Kwanakin hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu, sararin sama gaba ɗaya yana tace rana, har a tsakar gida ana iya aiki, sai dai launi yakan ja zuwa rawaya-rawaya, ƙura kuma tana hawa gilashin kyamara. Goge shi da gefen riga kafin kowane ɗauka. Rabin hotunan da ake cewa waya ce ba ta da kyau, maiƙon yatsa ne. Da dare kuwa a haƙura. Farar fitilar sola tana mayar da gangamau kore-kore, citta kuma ta zama toka.

A kan me za a ɗora?

Kayan gida sun wadatar. Faifai, ƙwarya, tabarmar kaba, bangon ƙasa, baƙin akushi, tsohon turmi da aka kifar, ƙyallen da aka rina da baba irin na Ƙofar Mata ko Kura. Abin gudu shi ne duk abin da ke ƙyalli ko ihu: tiren silba, leda, robar cin abinci mai ja ko kore, atamfa mai manyan furanni. Ido zai tafi kansu ya bar saiwar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora baƙin abu a kan farar takarda. Waya tana auna hasken fili gaba ɗaya ne, idan ta ga fari ya yi yawa sai ta rage, kimbar ta koma baƙin tabo. Kimba da masoro da kanumfari sun fi fitowa a kan abin da ke tsaka-tsaki, kamar cikin ƙwarya ko faifai. Fararen abubuwa irin su tafarnuwa, ɓararriyar rizga da tsagaggen muruci su ne na akushi da baƙin ƙyalle. A nan kuma akasin haka ke faruwa, waya ta ga duhu ta ƙara haske har farin ya ƙone. Taɓa kan saiwar a allo, ka ja alamar ranar ƙasa kaɗan.

Sannan a rage kaya. Mai farawa yakan zube duk cefanensa a faifai ɗaya. Iri ɗaya ya isa, ko biyu idan akwai magana a tsakaninsu: ɗanyar citta da busasshiya, rizga da tumuku, kwanson citta mai 'ya'ya a rufe da wanda aka fasa ƙwayoyin suka zubo.

Wayar da ke hannunka

Tecno ko Infinix ko Itel ɗin da ke aljihunka ta isa. Abu uku kawai. Kada ka kai ta kusa ƙwarai, domin yawancin wayoyi ba sa iya tsayar da gani a ƙasa da faɗin tafin hannu, kuma kusanci yana kumbura abin da ke gaba. Ja baya, daga baya ka datse gefen hoton. Kada ka riƙe ta a hannu cikin zaure, jingina ta da bulo ko gwangwani ka sa ta ƙirga daƙiƙa uku ta ɗauka da kanta. Kuma ka kashe duk wani abin gyaran fuska. An yi shi ne don ya share ƙuraje da tamoji, mu kuwa tamojin muke nema.

Hoton ido da hoton shaida

Kowace saiwa ta cancanci hoto biyu. Na farko don daɗin kallo, yi yadda ranka ya so. Na biyu don shaida: daga sama tsaye, shimfiɗa ɗaya kullum, cikakkiya ɗaya da tsagaggiya ɗaya, da tsinken ashana a gefe don a san girma. Ba tare da tsinken ba, wanda bai san tumuku ba zai iya ɗauka ya kai doya.

Darajar irin wannan hoto tana zuwa ne idan ya taru. J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Nijeriya, ya fara ɗaukar hoton kitso da gyaran gashin mata a 1968, ya ci gaba shekara da shekaru a kan tsari ɗaya, yana rubuta sunan kowane salo da inda ya fito, har suka kai kimanin dubu. Yau ana baje su a manyan gidajen tarihi na duniya, kuma wasu salon a hotonsa kaɗai suka rage. Wanda ya yi wa saiwoyi da kayan yajin Gwaram da Birnin Kudu haka na shekara biyu ko uku zai mallaki abin da babu shi a wani ɗakin karatu.

Don haka kowane hoto ya tafi da rubutunsa: sunan abin kamar yadda mai sayarwa ya faɗa, kasuwa, wata da shekara, inda aka ce an kawo shi, da abin da ake yi da shi. Idan tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, mu ba haka muke kiransa ba," rubuta nata sunan ma, kada ka gyara mata. Sunaye suna canzawa daga gari zuwa gari, kuma yanki irin wannan, inda Hausawa da Fulani da maƙwabtansu na Bauchi ke cin kasuwa ɗaya, ya fi ko'ina yawan haka. Gargaɗi ɗaya: saiwar daji da ba ka sani ba, ɗauki hotonta amma kada ka kai baki. Akwai doyar daji da sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin dafinta ya fita, kuma a ido ba ta da bambanci sosai da mai lafiya. Idan za ka sa irin wannan hoto a Facebook ko WhatsApp, rubuta hakan a ƙasansa.

Saiwa da ƙwaya suna da jiki, haske yana samun abin da zai kama. Amma yawancin abin da ke shiga tukunyar miya an riga an daka shi: kuka, kuɓewa busasshiya, karkashi, yajin jego, garin daddawa. A hoto duk tsibin gari ne, wani kore wani ja, kuma dabarar hasken gefe kaɗai ba za ta raba kuka da lalo ba. Yadda za a sa gari ya faɗi sunansa shi ne aikin babi na gaba, kuma za mu fara daga bakin turmi.